Kar ka kama shi ta hammata

Ka tambaye ni yadda za ka sauko da mai shanyewar ɓarin jiki daga gado zuwa keken marasa lafiya in kai kaɗai ne a ɗaki. Yaro, in ba ya iya tsayuwa a kan ƙafarsa mai lafiya, ka nemo mutum na biyu, shi ke nan. Batun taka birkin keke kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba me ya kai shi makarantar nas?

Tambayar nan taka ta fama min tsohon miki. Wani attajiri ne hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, maganarsa ma ta ɗauke. Da aka sallame shi, 'ya'yansa suka ɗauke ni jinyar gida. In tashi daga aikin dare, ido jawur, in zarce gidan. Na koya wa uwargidansa da autansa juya shi duk bayan awa 2, filo tsakanin gwiwoyi, filo a ƙarƙashin ƙafafu don dugadugansa su bar katifa, hannun da ya shanye kuma kullum a tallafe. Wata 2 cur, ko alamar gyambon kwanciya babu a jikinsa. Yatsun ma sun fara motsi.

Wata Juma'a babban ɗan ya dawo daga tafiya, wai sai an fito da Alhaji zaure baƙi su gaishe shi. Bai jira ni ba. Ya zura hannu a hammatarsa, direba kuma ya ja hannun da ya shanye. Da na zo na tarar da tsoho yana nishi. Na ɗora hannu a kafaɗar, yatsuna biyu suka shige cikin ramin da ke tsakanin saman kafaɗa da kan ƙashin dantse. Naman da ke riƙe gaɓar nan ya saki tun da ciwon ya same shi, nauyin hannun kaɗai yana iya jawo ta ƙasa, balle a finciko.

Ka san me ɗan nan ya ce? Wai ni na yi, wajen motsa masa jiki. Ya riƙe kuɗina na wata 2, ya bi gari yana cewa na nakasa masa uba. Uwargida ta san gaskiya, ta yi shiru. Alhaji yana kallona, hawaye na zuba, bakin da zai wanke ni babu. Kuɗin na bar wa Allah, amma hannun nan har yau yana cin raina, don zafi ya sa ya ƙi yarda masu gashin ƙashi su taɓa shi, har ya sandare. Tun daga nan ba na karɓar jinya sai na duba kafaɗa a gaban shaida na rubuta.

To, ka ajiye keke ta ɓarinsa mai lafiya. Ka zaunar da shi bakin gado, tafin ƙafa a ƙasa, ka ba shi 'yan mintoci, don wanda ya daɗe kwance jini kan sauka in ya tashi, jiri ya kwashe shi. Nan ne ku yaran yanzu kuke faɗuwa, gaggawa, waya na ƙara a aljihu, hankali ya tafi Saudiyya ko Ingila tun ba a iya gyara gado ba. Ka tokare gwiwarsa da ta shanye da taka, ka riƙe shi a ƙugu, shi kuma ya dafa katifa da hannunsa mai lafiya. Kar ka bari ya rataya a wuyanka, bayanka zai tafi. Ka faɗa masa abin da za ku yi ko da ba ya magana, sau da yawa yana fahimta.

Gobe in likita ya gama zagaye ka same ni, zan kwanta a gado ka tayar da ni in gani.