Aljihun gaban mota ba ma'ajiyar bindiga ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Kalifoniya ta Amurka da katin zama na dindindin, kuma ina da lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a jikina. Na samu sabon aiki a inda ba a shiga da makami, don haka dole in bar ta a mota daga safe har yamma. Motar tawa jif ce, ba ta da but na daban. Wani abokina ya ce in jefa ta cikin aljihun gaba in murɗa makulli, shi haka yake yi shekara da shekaru. Amma hankalina ya ƙi kwanciya, kullum ina wurin aiki zuciyata na kan motar. Ina tsoron a sace ta a yi ɓarna da ita, ina kuma tsoron abin da zai taɓa takarduna. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsoron nan naka yana kan hanya, kuma shawarar abokinka ba ta da kyau ta kowace fuska. A jiharku ma laifi ce kai tsaye.

Tun 1 ga Janairun 2017, sashe na 25140 na kundin laifuffukan Kalifoniya ya ce duk wanda zai bar ƙaramar bindiga a motar da ba kowa, sai ya kulle ta a but, ko a cikin akwati mai makulli da ba a hango shi daga waje, ko a akwati mai makulli da aka ɗaure a jikin motar daga ciki, shi ma ba a hango shi. Dokar ta faɗa ƙarara cewa aljihun gaba ba ya cikin abin da take kira akwati mai makulli. Ta kuma ce bayan jif, ko duk wani wurin kaya mai taga, ba but ba ne. Ka ga kenan motarka ba ta bar maka zaɓi ba sai akwati mai makulli. Tarar tana iya kaiwa dala 1,000. Wannan doka ta biyo bayan kisan wata mata a bakin ruwan San Faransisko a watan Yulin 2015, da bindigar da aka sato daga motar wani jami'in gwamnatin tarayya. Jami'i ne mai horo, amma motarsa ba ta fi taka ƙarfi ba.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar aljihun gaba, domin ba a yin mako ban ji ta daga bakin wani ɗalibina ba, kuma wallahi ta ishe ni. Mutane sun ɗauka cewa da zarar abu yana da ramin makulli, ya zama ma'ajiya. Buɗe aljihun motarka ka duba shi da kyau. Murfin roba ne, abin da ke riƙe shi kuwa ɗan ƙugiya ne da bai kai ƙaramin yatsanka ba. An yi shi ne don kada takardun mota su zubo idan ka taka burki. Mai sukudireba zai cusa bakinta a gefe ya danna sau ɗaya, murfin ya faɗo. Kuma ɓarawon mota ba lalube yake yi ba. Yana da wuraren da yake dubawa a jere: aljihun gaba, akwatin da ke tsakanin kujeru, ƙarƙashin kujerar direba, aljihun ƙofa. Ya fasa gilashi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tafi kafin ƙarar motar ta sa wani ya waiwayo. Wato wurin da abokinka yake ganin ya ɓoye bindigarsa, nan ne hannun ɓarawo yake fara sauka.

Sai ka ji an ce, ai unguwarmu lafiya lau, ai minti biyar kawai zan yi, ai gilashina mai duhu ne. Na taɓa samun wani ɗalibi, dattijo mai natsuwa, da ya bar tasa a aljihun gaba a ƙofar gidansa, dare ɗaya tak, saboda ya dawo a gajiye. Da asuba ya tarar da tsakuwar gilashi a kan kujera, murfin aljihun yana lilo, kuben bindigar a ƙasa babu komai ciki. Abin da ya fi ci masa rai ba kuɗinta ba ne. Ya ce mini duk lokacin da ya ji labarin harbi a garin sai gabansa ya faɗi. Ƙungiyar Everytown, mai fafutukar rage ɓarnar bindiga, ta yi nazarin alƙaluman hukumar FBI na 2022, ta gano cewa a Amurka ana sace bindiga daga mota kusan duk minti tara, kuma fiye da rabin bindigogin da aka kai rahoton satarsu a biranen da ta duba daga mota aka ɗauke su. Da yawa daga cikin motocin nan a ƙofar gidan masu su suke. Shekarun da abokinka ya yi ba a taɓa shi ba, sa'a ce kawai, ba dabara ba.

Na san inda ruɗanin yake fitowa. Kowace jiha da dokarta. Konetikat ta amince da aljihun gaba idan an kulle shi. Jihohi da dama ba su ce komai ba a kan lamarin. Niyok kuwa tun Satumbar 2022 ta ce sai ka cire harsasai, ka kulle bindigar a ma'ajiya ta gaske da ba a gani daga waje, kuma ta cire aljihun gaba da sunansa. Sai wani ya ɗauko dokar jiharsa ya baza ta a Facebook kamar ta ƙasa ce baki ɗaya, jama'a su bi. Ko dokar tarayya ta 1986 da ke kare mai ratsa jihohi da bindiga ta ce idan motarka ba ta da but, a saka ta babu harsashi a akwati mai makulli wanda ba aljihun gaba ba, ba kuma na tsakanin kujeru ba.

Abin da za ka saya shi ne akwatin ƙarfe mai kauri da ake ɗaure shi da kusoshi a jikin motar, a ƙarƙashin kujera ko cikin akwatin tsakiya. Idan ba hali, ka nemi mai igiyar ƙarfe, ka zagaya ta a ƙafar kujerar da ke ɗaure da ƙasan mota. Igiyar ana iya yanke ta da almakashin ƙarfe, amma tana cin lokaci, ɓarawon titi kuwa lokaci ne ba shi da shi. Ni na fi natsuwa da makullin lambobi da ake dannawa ba tare da batir ba. Zafin mota yana kashe batir, kuma a 2023 da 2024 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sa an janye dubban akwatunan da ke buɗewa da zanen yatsa, bayan an gano wasunsu suna buɗe wa wanda ba mai su ba.

Kada ka yi ajiyar a filin fakin na wurin aikinka inda ido ke kanka. Tsaya a wani wuri kafin ka iso, ka cire bindigar tare da kubenta, kunamar a rufe, ka saka su gaba ɗaya. Zare bindiga tsirara a zaune, sitiyari a gabanka, bel a ƙugunka, nan ne mutane ke harbin cinyarsu. Idan akwai sitikar kamfanin bindiga a gilashinka, ɓare ta yau, talla ce kake yi wa ɓarayi. Da ka dawo gida kuma ka shiga da ita ciki, kada ta kwana a mota ko da a akwatin ne.

Ka karanta ƙa'idar wurin aikin naka game da filin fakin ɗin kansa. Teksas da Fulorida suna da dokar da ta hana yawancin masu kamfani korar ma'aikaci don ya bar bindiga a kulle a motarsa. Kalifoniya ba ta da irinta, don haka idan filin nasu ne kuma sun hana, nemi wurin ajiye mota a waje.

Batun takardunka ma ka yi daidai da ka damu. A dokar shige da fice, hukunci a kan laifin da ya shafi bindiga yana iya jawo korar wanda ba ɗan ƙasa ba, har da mai katin dindindin. Duk ranar da aka ba ka wata takardar tuhuma da ta shafi makamin nan, komai ƙanƙantarta, kada ka amsa laifi ko ka biya tara sai ka zauna da lauyan shige da fice.

Ka rubuta lambar bindigar da samfurinta, ka ɗauki hotonta, ka ajiye a gida. Idan Allah Ya ƙaddara aka sace, ka kira 'yan sanda a ranar da ka gane, ka ba su lambar, ka karɓi shaidar rahoton ka adana.