Tambaya da Amsa: Sarauta ce ta kai Sanusi Babban Banki, ko ilimi?

Tambaya: Malam, ni ɗan canji ne a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Gardama ta kaure a rumfarmu kan Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II. Abokaina sun ce jinin sarauta ne ya ba shi shugabancin Babban Bankin Najeriya, ni kuma na ce iliminsa ne. A raba mana gardama, a kuma gaya mana abin da ya yi a can da har yau ake zancensa.

Amsa: Alhaji, ka fi abokanka kusa da gaskiya, amma kada ka yi saurin karɓar goron nasara, su ma suna da ɗan rabonsu.

Jinin dai babu musu. An haife shi a Kano ranar 31 ga Yuli, 1961. Kakansa shi ne Sarki Muhammadu Sanusi I, wanda ya yi sarauta daga 1953 har gwamnatin Sardauna ta raba shi da gadon a 1963, ya koma Azare da zama. Mahaifinsa, Ciroman Kano Aminu Sanusi, jakada ne. Sai dai banki ba ya tambayar sunan kakanka. Ya yi King's College a Legas, ya gama digirin tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1981, ya ɗan koyar, ya shiga aikin banki a 1985. Daga baya ya ajiye ya tafi Khartoum karatun Shari'a, ya dawo ya kama aiki da bankin UBA a 1997, sannan First Bank a 2005, inda ya zama shugaba a farkon 2009.

Abin da mutane kan tsallake shi ne irin kujerar da ya daɗe a kai. Aikinsa auna haɗarin bashi ne. Kai ka san wannan aikin ko ba ka san sunansa ba. Idan wani ya zo rumfarka ya ce ka ba shi jikka ɗari biyar zai sayo kaya a Kano ya biya ranar Alhamis, kafin ka buɗe jaka sai ka tuna wa ya taɓa ci wa kuɗi, me ya mallaka, wa zai tsaya masa. To shi wannan lissafin ya yi shekaru yana yi, a kan biliyoyi. Don haka lokacin da Shugaba 'Yar'aduwa ya naɗa shi gwamnan Babban Banki a Yunin 2009, ya riga ya san inda ɓarakar bankuna take.

Wata biyu da 'yan kwanaki, ranar 14 ga Agusta, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar rana ɗaya: Oceanic, Intercontinental, Afribank, Union da FinBank. Sun ɗebi kuɗin masu ajiya sun ba da rance ga masu cacar hannun jari da dillalan mai, kasuwa ta faɗi, bashi ya ƙi dawowa. Ya zuba musu naira biliyan 420 don kada mai ajiya ya je ya tarar da ƙofa a kulle, kuma da aka binciki sauran, kuɗin ceton ya kai wajen biliyan 620. Shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, har hukuncin ɗauri aka yanke mata a 2010. A nan ne nake ba abokanka rabonsu. A ganina, wanda ya tashi a gidan da attajirai ke zubewa su yi gaisuwa, ba ya jin kwarjinin mai kuɗi kamar yadda wani zai ji. Ilimi ya ba shi kujerar, amma yadda ya zauna a kanta akwai ƙamshin fada.

Abin da ya fi taɓa rumfarka kuwa shi ne naira. A zamaninsa ta daɗe a tsakanin 150 da 160 kan dala ɗaya, bayan ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 12 cikin ɗari a 2011. Masu masana'antu sun yi ta kukan tsadar rance, kuma kukansu ba na banza ba ne. Mu nan sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, kuma babban bankinmu na BCEAO da ke Dakar ke kula da ita don ƙasashe takwas, shi ya sa ba mu saba jin gwamnan banki yana faɗa da shugaban ƙasa ba. A can kuwa an yi. Ya ce kamfanin mai na NNPC bai shigar da dala biliyan 20 a asusun gwamnati ba, sai Shugaba Jonathan ya dakatar da shi ranar 20 ga Fabrairu, 2014, bisa zargin kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Ka san inda labarin ya same shi? A Yamai, yana wurin taro.

Sauran ka san shi. Ado Bayero ya rasu a Yunin shekarar, Sanusi, wanda yake Ɗan Majen Kano tun 2012, ya hau gado. Gwamna Ganduje ya tuɓe shi ranar 9 ga Maris, 2020, aka kai shi Jihar Nasarawa, kamar dai tarihin kakansa ya maimaita kansa, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta mayar da shi a Mayun 2024, rigima ta koma kotu. A tsakanin nan, bayan juyin mulkin 2023, ya zo Yamai ya gana da Janar Tiani, Mai Martaba Sarkin Damagaram na tare da shi.

Saboda haka goron a raba shi, Alhaji, amma ka ɗauki babban ɓarin.