Tambayi Likita: Zogale, Darbejiya da Nonon Tumfafiya

Likita, cikina wata biyar, an ce jinina ya yi ƙasa. In na dage da cin zogale ya wadatar? Daga wata mai juna biyu a Gumel.

Ki ci abinki, 'yar uwa, ko kwaɗo ko miya, ki haɗa da wake da rama. Amma zogale ba ya maye gurbin ƙwayar ƙarin jini da ake ba ku a wajen awo. Saiwarsa da ɓawonsa kuwa ki bar su har ki sauka lafiya. Kada ki fasa zuwa awo.

An ce zoɓo na maganin hawan jini. In ajiye ƙwayoyina? Daga wani dattijo a Bichi.

A'a, Baba. Zoɓo na ɗan sauke jini kaɗan, in ba a cika masa sukari ba. Ka sha, amma maganinka na nan daram, kuma a riƙa auna ka.

Ɗana mai shekara 2 yana zazzaɓi kwana uku. Kakarsa ta dafa ganyen darbejiya muna ba shi, muna yi masa surace. Ta ce maganin asibiti ma ai daga itace ake yin sa. Gaskiya ne? Daga wata uwa a ƙauyen Ringim.

Kafin ki gama karanta amsar nan, ki goya yaron nan ku tafi asibiti mafi kusa. Yau, ba sai gobe ba.

Maganar Inna akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa take da wuyar ture wa. Kwinin da aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka samo shi. Maganin da muke bayarwa yanzu, irin su Coartem, tushensa wani ganye ne dangin tazargade, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta tace sinadarinsa, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Ke nan ba likitan da zai raina tsiro.

To ina bambancin? Awo. A asibiti an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya, an san nawa ya dace da yaro mai kilo 10. Tukunyar Inna fa? Ganyen damina da na rani ƙarfinsu ba ɗaya ba, wanda ya daɗe a wuta da wanda aka sauke da wuri ba ɗaya ba. Yau ya yi kaɗan ƙwayar cutar ta ci gaba da fasa jinin yaro, gobe ya yi yawa hanta da ƙoda su ɗauki nauyin. Kuma ɗacin abu ba shi ne shaidar yana magani ba. Surace na sa gumi, jiki ya ɗan yi sanyi, hankalin gida ya kwanta, alhali cutar na nan tana aikinta. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: ana kawo mana yara a rana ta huɗu ko ta biyar, tafin hannu fari fat, sai neman jini ido rufe, alhali gwajin ɗigon jini na minti 15 da maganin kwana uku sun isa tun farko.

Na san kuɗin mashin zuwa gari ba wasa ba ne a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa. Amma kuɗin leda ɗaya ta jini ya fi shi nesa ba kusa ba. In kin ga jijjiga, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya ƙi nono da ruwa, ko barcin da ba ya farkawa, ko tsakar dare ne ku fita. Kada a ɗura masa komai a baki yana jijjiga. Sannan in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina sun zo gida-gida, ki karɓa wa duk yaron da ya kai wata 3 bai cika shekara 5 ba. Ki lallaɓa Inna, ki ce darbejiya ta ci gaba da ba mu inuwa a ƙofar gida, yaron dai a kai shi asibiti.

Idona na ja yana ƙaiƙayi, wani ya ce in ɗiga nonon tumfafiya. Daga wani makiyayi a Kazaure.

Subhanallahi! Malam, wa ya ba ka wannan shawara? Nonon tumfafiya na ƙona baƙin ido, yana iya dusashe gani. In ma ya fantsama bisa kuskure, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, a nufi asibitin ido. Kai ma can za ka je.

Gyaɗarmu ta yi funfuna a buhu. In an soya ta halatta a ci? Daga wata mai ƙuli-ƙuli a Ɗambatta.

Suya ba ta kashe dafin funfunar nan, Hajiya, kuma in ya taru a jiki yana jawo ciwon dajin hanta. Ki tsince masu baƙi da masu ɗaci ki zubar, kada ki ba awaki ma, don yana bi ta nononsu. Baɗi a shanya ta bushe ƙarau, a ɗora buhun kan katako, kada ya taɓa ƙasa.