An kawo wa liman takardar gwaji, amarya na da HIV

Tambaya: Ni limamin unguwa ne a Kano. An kawo mini takardar gwajin aure, ta nuna amarya na ɗauke da ƙwayar cutar HIV, ango kuwa ba shi da ita. Ya ce ya ji ya gani. Me ya kamata in yi?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, hukuncin shari'a ku ne masu shi, ni abin da ya shafi asibiti zan faɗa.

Tun da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, takardun nan hannunku suke biyowa, don haka amana ce babba. Kada maganar ta wuce tsakaninka da su biyun. In ta fita zaure, kafin la'asar ta isa gidan biki, yarinya ta shiga bakin duniya. Irin wannan tsangwama ce ke sa mace ta juye maganinta a robar farasitamol, ko ta daina zuwa karɓa don kada a gan ta a layi. Dokar Najeriya ta 2014 ma ta hana nuna wa masu ɗauke da HIV wariya.

Ka tura su asibiti tare. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, galibi ƙwaya ɗaya a rana. In ta riƙe shi ba fashi, yawanci cikin wata 6 ƙwayar cutar kan ragu har gwajin jini ya kasa ganinta, kuma a wannan matakin ba ta kama miji ta hanyar saduwa. Kafin nan akwai maganin kariya da ango zai iya sha, sannan ya maimaita gwaji bayan wata 3. Batun haihuwa kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauka daga uwa, amma da magani da awo adadin kan sauko ƙasa da 5.

Inda muka fi buƙatarku shi ne bayan biki. Wata rana wani zai ce mata ta sha rubutu, an yi mata tofi, ta warke, ta ajiye magani. Addu'a muna so ƙwarai, amma da zarar ta daina sha ƙwayar cutar za ta dawo cikin makonni, tana ma iya bijire wa maganin. Mu sai bayan watanni muke ganinta, kai kuwa kullum mijinta na bayanka a sahu. Ka riƙa keɓewa da shi kana tambayarsa ko tana sha.