A sake jefa dayis kowane zagaye, ko sau ɗaya ya isa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a wasan labari na tebur, inda kowa ke riƙe da jaruminsa, a riƙa sake jefa dayis kowane zagaye na faɗa don sanin wanda zai fara kai hari. Ni dai shawarata, ku jefa sau ɗaya a farkon faɗa, kamar yadda dokar wasan Dungeons & Dragons ta 2014 ta tsara: dayis mai fuska 20, a haɗa da makin zafin naman jarumin kowa.

Mun gwada sakewar a Unguwar Rimi, mu shida, bayan la'asar. Kowane zagaye sai mai jan wasa ya goge takarda ya sake jera sunaye, har aka kira magariba faɗa ɗaya bai ƙare ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sihirin da ke ƙarewa da zarar layinka ya sake zuwa. Ka zo ƙarshe yanzu, ka zo farko a zagaye na gaba, shi ke nan garkuwar sihirin da ka yi ta tashi ba ta tare komai ba. Dodo kuma yana iya dukanka sau biyu a jere kafin ka motsa.

In rashin tabbas ɗin kuke so, ku gwada Savage Worlds, wani wasan irin wannan. Can da karta ake raba layi kowane zagaye, kuma ba ya cin lokaci.