Mepul ko mangwaro a tsakar gida?

Malam, kana tambaya ko ka dasa bishiyar mepul irin ta Kanada don inuwa, ko mangwaro, a gidanka na ƙauyen Ringim. Dasa mangwaro. Mepul sai ta sha sanyin hunturun ƙasarta kafin ta sake toho, kuma zafin bazararmu ƙone ganyenta zai yi.

Sharaɗin mangwaro ruwa ne. Samo mai aure, ka dasa da damina ta kankama, wajen Yuli, a rami mai zurfin santimita 60, da ruɓaɓɓen taki. Ɗanye gara yake jawowa. Nisanta shi da katanga kamar mita 8, ka killace saboda awaki. Rani biyun farko kada ban ruwa ya yanke. Idan rijiya na nesa, darbejiya ta fi maka.