Zuciyata tana tsallake bugu, tsoro ya hana ni barci: jifa ne ko raunin imani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, shekaruna 39. Wata huɗu ke nan nakan ji zuciyata ta ɗan tsaya, sai ta buga da ƙarfi kamar an doki ƙirjina daga ciki. Abin ya fi zuwa da dare idan na dawo daga fada, wato majalisarmu ta hira da shan shayi, na kwanta. Ba na jin zafi, ban taɓa suma ba, amma tsoron mutuwa ya kama ni, har nakan kwana da yatsa a wuya ina ƙirga bugu. Ko a sallah hankalina yana can, kullum sai na rikice tsakanin raka'a uku da huɗu. Wani abokina ya ce jifa ne, mu je wurin mai duba. Ni kuma ina tsoron likita, kada a gaya mini abin da ba zan iya ɗauka ba. Wannan tsoro raunin imani ne? Ina matsayin sallata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonka shi ne wata huɗun nan da ka yi kana kwana da fargaba, alhali ba a duba ka ba.

Likitocin zuciya sun san wannan lamari sarai. Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, wajen sau 100,000 ke nan a yini da dare. A cikinsu wani bugun yakan yi gaggawa ya zo kafin lokacinsa, sai zuciya ta ɗan dakata, jini ya taru a cikinta fiye da kullum, bugun da ke biye ya fito da ƙarfi. Dakatawar ce kake ji kamar tsayawa, bugun bayanta kuma shi ne dukan. Masu lafiya da yawa suna da shi, wasu ba su ma sani ba. Da dare gari ya yi tsit, sai kunne ya koma ƙirji. Tsoro kuwa yana ƙara shi, shi ma yana ƙara tsoro.

Sai dai wanda zai ce naka na wane iri ne likita ne, bayan awo. Allah ya ce mu tambayi ma'abota sani idan ba mu sani ba (Nahli, 43), kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce: "Ku nemi magani, bayin Allah", kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usama ɗan Sharik. Asalin neman magani abin so ne a shari'a, yana komawa wajibi idan ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Kai da abin ya ci maka barci ya taɓa sallarka, ban ga maka uzurin jinkiri ba. Je asibiti cikin makon nan, a auna hawan jini, a yi maka awon ECG mai zana bugun zuciya a takarda, a duba ƙarancin jini da aikin maƙoƙo. Awon ba ya da zafi, ƴan mintoci ne. Idan ba a kama tsallen a lokacin ba, akwai ƴar na'urar da ake rataya wa mutum awa 24. Amma duk wanda tsallen ya zo masa tare da suma, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko kumburin ƙafa, ko yana tasowa lokacin aikin ƙarfi, ko a danginsa an yi matashi da ya faɗi ya mutu farat ɗaya, zuwa asibiti a ranar wajibi ne a kansa. Ina ƙara jan kunnen magidanta game da mai jego: haki da kumburi bayan haihuwa suna iya zama raunin zuciya, wanda an san shi a ƙasar Hausa, kada a tsaya ana cewa gajiyar wanka ce.

Batun jifa. Sihiri gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace shi, amma ba a ɗora masa abin da ke da sanannen dalili ba tare da hujja ba. Zuwa wurin mai duba haramun ne: Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Kuma ƙarshen irin wannan tafiya zargi ne a kan maƙwabcin shago ko ɗan uba, zumunci ya lalace a banza. Yi wa kanka tofi da Fatiha da Falaƙi da Nasi, wannan sunna ce, ba ta hana awo.

Tsoron da kake ji ba raunin imani ba ne, ɗabi'ar ɗan Adam ce. Allah ya ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salam, cewa ya ji tsoro a ransa gaban matsafan Fir'auna (Ɗaha, 67). Fiyayyen halitta ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa tana kaɗawa yana cewa a lulluɓe shi, Nana Khadija ta lulluɓe shi ta kwantar masa da hankali. Kai ma gaya wa uwargidanka, kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa damuwa da baƙin ciki, har ƙayar da ta soki musulmi, Allah yana kankare masa zunubi da su. Abin da nake hana ka shi ne yatsan nan a wuya. Ajali rubutacce ne (Ali Imrana, 145), ƙirga ba ta tsare shi. Idan likita ya auna ya ce zuciyar lafiya lau, karɓi maganarsa ka tsaya a kanta. Komawa ƙirga bayan nan waswasi ne, maganinsa kau da kai. Idan fargabar ta ƙi sakinka, ita ma ciwo ce mai magani, faɗa wa likitan ba kunya.

Shayin fada halal ne, haka goro da Nescafé, amma dukkansu suna zaburar da zuciya, balle kofin farko mai ɗaci da tsakar dare ga ƙarancin barci. Bar su mako biyu ka gani. Idan ya tabbata su ke tayar maka da shi, ƙa'idar "ba cuta, ba cutarwa" ta hau kanka. Taba da tramol kuwa ka nisance su ɗungurungum. Fadar kanta kada ka ƙaurace mata, kaɗaici abincin fargaba ne. A watannin zafi ka yawaita shan ruwa.

Sallarka ta inganta. A mazhabar Malikiyya, mai kokwanto na lokaci-lokaci yana gini a kan uku, ya kawo raka'a ɗaya, ya yi ba'adi. Amma wanda kokwanto ya aura, wato yana zo masa kowace rana ko da sau ɗaya, kamar yadda ka siffanta kanka, watsi zai yi da shi: ka ɗauka huɗu ka yi, ka yi tahiya ka sallame, sannan ka yi sujada biyu bayan sallama. Kada ka yanke sallah don zuciya ta tsallake, kada ka sake wadda ka riga ka yi. Idan jiri ya ɗebe ka a tsaye, zauna ka ƙarasa. Kafin ka kwanta kuma ka riƙe addu'ar da Anas ya ji Annabi yana yawan yi: "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan."

Wallahu a'alamu.